Layuka Uku a Zauren Tisha Arzika

Abin da na fara gani ranar da Baba ya kawo ni Konni shi ne bangon zaure. Ban ga mai gidan ba tukuna, ban ga Inna Hajo ba, bangon na gani. An shafe shi da baƙin fenti daga tsayin gwiwa har inda hannun dogon mutum zai kai, an ja alli sau biyu daga sama zuwa ƙasa, an raba shi layi uku. A kan kowane layi akwai kalmar Ingilishi da manyan baƙaƙe: DUTY, OBLIGATION, RESPONSIBILITY. A ƙarƙashinsu kuwa rubutun Hausa ne cunkus. A layin farko na karanta "sharar ƙofar masallaci". A na tsakiya na karanta "sunan jikokin wancan mutumin". A na uku na karanta "akuya", sai "randa", sai "Hajo". Innalillahi! Matar gida a ƙarƙashin randa!

Ku da kuka san Kaka Arzika, wanda duk unguwa ke kira Tisha, kun san bangon nan. Ɗansa Kawu Idi ya ce kowa ya faɗi abin da ya tuna kafin a watse daga sadakar arba'in. Ni bakina ba ya buɗewa cikin taro, kun sani, shi ya sa na rubuta a kaye, littafin rubutuna na makaranta, wani ya karanta muku.

Kaka ƙanin kakana ne na wajen uwa. Bai taɓa koyar da kowa a aji ba. Gadi ya yi shekara da shekaru a ƙofar wata makaranta a Sakkwato, yana sauraron darasi ta taga, ya dawo gida da wani ƙamus marar bango da sunan Tisha. Ni kuwa na gama firamare a ƙauyenmu da ke bayan Tajaye, na samu kwaleji, amma ba mu da mai masauki ko'ina sai shi. In ya karɓe ni, na yi karatu. In ya ƙi, lakwal, wato boko, ta ƙare, sai tsinkar wake.

Baba ya cire takalma tun daga waje, ya durƙusa, don gaban suruki yake. Kaka na zaune a tabarma, gilashinsa ɗaure da zaren buhu, babban yatsansa fari fat da alli.

Baba ya ce, "Baba, ga ɗiya na kawo. Amana ce."

"To, Sani. Wane layi?"

"Na'am?"

"Wane layi zan sa ta? Komi da ke gidan ga shina da layi nai."

Baba ya dubi bango, ya dube ni. Kaka ya miƙe, ya ɗauki sanda, ya fara nunawa.

"Na hwari, abin da matsayinka ya aza maka, ko ba wanda ya tambaye ka. Kai maƙwabcin masallaci ne, shara ta hau kanka. Na tsakiya, abin da ka ɗaure kanka da shi da bakinka. Ka yi alkawali, sai ka cika, ko kana zumɓura baki. Na ukku, abin da in ya lalace kai za a nema. Akuya ta shiga gonar wani, wa za a kira? Ni. Bature ya raba su ukku don ya san ba ɗaya ba ne. Ku kuwa komi kun ce wajibi, wajibi, kun zuba tuwo da hura da miya cikin ƙwarya guda!"

"Baba, ai jikarka ce."

"Jikar yayana ce. Layin hwari bai kai can ba. Na taɓa yi maka alkawali?"

"A'a."

"Na tsakiya ya hita. Na ukku kuwa ba a shiga nai da gaggawa. Hajo ma sai da ta shekara biyu."

Daga cikin gida wata murya ta ce, "Ukku dai, Malam!"

Duk wannan abin ƙunshin kayana na kaina, ba wanda ya ce in sauke. Kaka ya tambaye ni sunana. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Baba ne ya ce, "Zalika." Kaka ya ce, "A'a, wagga Hajiya Shiru ce." Sai ya tafi can gefen ƙofa, wajen layukan gaba ɗaya, ya rubuta sunana a ƙarƙashin "kazar Lami". Kazar maƙwabta ce da ta mayar da madafar Inna wurin saka ƙwai, ba a yanke shari'arta ba tukuna.

Ya ce, "Nan baƙi ke zama. Baƙo kuwa, ranar da anka gaji da shi, sai a ce mishi sauka lahiya."

Baba ya koma gida a motar kasuwa bai san ko ya bar ni ba ne ko aro ya ba da ni.

Tun daga ranar, kowace safiya kafin in wanke fuska sai na leƙa gefen ƙofa. Wata rana na tarar an goge kazar Lami. Wayyo! Na leƙa waje, sai ga Kaka yana tafe gidan Lami, kaza a hammata, ƙafafunta ɗaure, ƙwai huɗu a hula. Ranar ban iya cin tuwo ba. Na ninke kayana na ajiye kusa da tabarma, ko da za a zo kaina.

Sharar nan ta masallaci, kun san yadda yake yin ta. Daga ƙofar gidansa zuwa gindin bishiyar dogon yaro, nan yake tsayawa cak, don gaba rabon maƙwabcinsa Alhaji Mamman ne. In ganye ya faɗi daidai kan iyaka, sai ya sunkuya ya duba wajen da tsinken ganyen ya fuskanta. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba.

Wata safiya ina fita zuwa lakwal, sai ga wani ɗan kabu-kabu ya ɗauko buhu biyu na albasar Galmi a bayan babur. Ya hau wani dutse, ya yi sama, ya faɗa lambatu da shi da babur ɗin. Albasa ta watsu har ƙofar masallaci. Jama'a, ban taɓa sanin Kaka na iya gudu ba sai ranar. Ya jefar da tsintsiya, ya shiga lambatu da rigarsa, ya jawo mutumin, ya yage rawaninsa ya ɗaure masa ƙafa, yana kiran Inna ta kawo ruwa.

Mutumin na nishi ya ce, "Baba, albasata! A taimaka a tsince min!"

Kaka ya ce, "A'a."

"Baba?"

"Ƙahwarka tawa ce. Albasarka taka ce."

Na sunkuya zan ɗauki guda biyu da suka gangaro gabana, sai na ji, "Shiru! Aje!" Na ajiye kamar na taɓa garwashi. Ya juya ga mutumin.

"Wa ya ɗaure buhu biyu da igiya guda?"

"Ni ne, Baba."

"To layi na ukku ke nan, kuma naka ne."

Subhanallahi! Haka bawan Allahn nan ya dinga ɗingishi yana tsintar albasa ɗaya bayan ɗaya, ƙafarsa ɗaure da rawanin Kaka. Shi kuwa Kaka ya tsaya tsakiyar hanya da tsintsiya a kafaɗa kamar jandarma, yana korar awaki, yana tare masu keke, yana hararar duk wanda ya rage tafiya. Wani ya ce, "Tisha, da ka sunkuya da tuni an gama." Ya ce, "Tsaron dukiyar wanda ya hwaɗi ƙohwar gidana, layin hwari ne. Sunkuyawa ba ta ciki."

Da mutumin ya gama, ya cika hannu biyu da albasa ya miƙa masa don godiya. Kaka ya ja da baya, ya fara bayanin cewa abin da ke layin farko ba a karɓar tukuicinsa. Inna ta leƙo daga zaure da butar ruwa a hannu.

"Karɓo, Malam! Miya ba ta san layi ba!"

Ya karɓa. Ni kuma na makara, aka sa ni tsintar leda a filin lakwal.

"Wancan mutumin" da ke layin tsakiya kuwa, Malam Ɗan Jimma ne na Tsarnawa, abokinsa tun suna yara. Malam, na san kana zaune ana karanta wannan, ka yi mini afuwa. Sun ɓata tun ba a haife ni ba. Inna ta ce kan jaki ne, Kawu Idi ya ce kan rediyo. Amma kafin su ɓata Kaka ya riga ya rantse cewa duk jikan da aka haifa wa abokinsa sai ya je suna. Ƴaƴan Malam kuwa ba su san hutu ba.

Wata Lahadi Inna ta haɗa ni da shi, in riƙe masa maganin hawan jini. Muka fita bayan asuba a kan tsohon kekensa, ni a baya. Ya ƙi kabu-kabu, wai alkawarin da ya yi da ƙafarsa ya yi shi. Tun daga Konni yake mita.

"Mutum guda ya cika Tsarnawa da jikoki don dai ya wahalshe ni! Wanga na sha nawa ne? Su ba su da wani aiki?"

Da muka isa aka tura ni cikin mata, amma na laɓe bakin zaure ina leƙe. Kaka ya ratsa taron maza, ya wuce tabarmi uku da babu kowa, ya je ya zauna a tabarmar Malam Ɗan Jimma. Ya ba shi baya. Shi ma Malam ya juya ya ba shi baya. Bayansu har yana taɓa juna. Na ce yau za a yi dambe.

Kaka ya dubi wata bishiya ya ce, "A gaya wa mai gidan ga na zo, kuma ba don shi ba."

Malam ya dubi bango ya ce, "A gaya wa wanda ya zo, ba a kira shi ba."

"A gaya mishi ragon bara ya hi wanga ƙiba."

"A gaya mishi haƙoransa na bara sun hi na bana yawa."

Na toshe baki da mayafi. Na duba mutane, ba wanda ya ko ɗaga kai, sai rabon dabino suke yi. Ashe sun saba. Aka raɗa suna, aka shafa fatiha. Sai na ga hannun Malam ya zagayo ta baya a hankali, riƙe da ɗan ƙunshin takarda. Hannun Kaka ma ya zagayo ya karɓa, ba wanda ya juya. Da ya buɗe, goro ne, an riga an goge shi a magogi, laushi lis, irin wanda marar haƙori zai iya ci.

A hanyar dawowa ya ce, "Kin gani, Shiru? Layin tsakiya ke nan. Ba daɗi gare shi ba ko kaɗan." Amma waƙa yake yi ƙasa-ƙasa har muka shiga Konni, kuma sau biyu ya kusa zuba mu a gona.

Har lokacin sunana na gefen ƙofa. Wata bakwai cur.

Sai ga abin da na fi tsoro ya zo ta wata hanya. An kawo mana sabon mushe, wato malami, na Ingilishi. In aikin rubutu ne ina yi daidai, don kullum ina jin Kaka yana yi wa akuya Ingilishi da yamma, tunda ita kaɗai ke tsayawa ta saurare shi. Amma in Mushe ya tambaye ni da baki, sai in tsaya kamar an dasa ni. Ya ce ba yadda za a yi mai wannan rubutun ta kasa cewa ko sannu, wani ne ke rubuta min. Magana ta kai buron dirakta, wato ofishin shugaban lakwal. Aka ba ni takarda: in zo da mai masaukina, in ba haka ba kora.

Kwana biyu takardar na cikin zanena. Wa zai je lakwal saboda baƙuwa? Ko kazar Lami ba wanda ya tsaya mata. Inna ce ta tsinci takardar wajen wanki, ta kai masa. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Na sake ninke kayana.

Da safe ina ɗaukar jaka sai ga shi ya fito daga ɗaki. La'ilaha illallahu! Kakin gadinsa na Sakkwato ya sa, mai maɓallan tagulla, wandon ya yi masa yawa ya ɗaure da igiya, ga usur rataye a wuya. Inna ta ce, "Malam, yaƙi anka yi?" Ya ce, "Shiru, wuce mu tahi." Haka na bi shi ta cikin gari, kaina a ƙasa, ina ƙirga duwatsu, ƴan kabu-kabu na sara masa suna dariya.

A ƙofar lakwal ya tsaya ya gaida mai gadinmu kamar ɗan'uwa, sannan ya nuna masa cewa ba haka ake riƙe ƙyaure ba. A buro ya zuba wa Mushe Ingilishin Sakkwato kamar ruwan sama. Mushe ya amsa. Kaka ya gyara gilashi, ya jefo masa kalmomin nan uku, ya ce ya raba su. Mushe ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai kusan duk ɗaya ne."

Na rufe ido.

Kaka ya ɗauki allin dirakta, ya ja layi biyu a jikin ƙofar kabad ɗin buro. Akuya ta shigo cikin bayanin, albasa ta shigo, jikokin Tsarnawa suka shigo. Aka kaɗa ƙararrawar shiga aji, bai tsaya ba. Dirakta ya duba agogo sau uku. Da ya gama, ya juyo gare ni.

"Shiru, gaya musu wa ke rubuta miki."

Na buɗe baki. Wallahi na so in yi magana, ba abin da ya fito sai hawaye. Aka jira. Ina jin ƙudan da ke bugun taga.

Kaka ya ce, "Kun gani? Wata bakwai tana gidana. Sau biyu Hajo ta manta gishiri a miya, ɗiyar ga ta cinye ba ta ce uffan ba. Kunama ta harbe ta, sai da ƙahwa ta kumbura munka sani. Wagga ce za ta tahi ta roƙi wani ya yi mata aiki? Da wane baki?"

Dirakta ya yi dariya har ya riƙe tebur. Ya ce a ba ni takarda da bik, wato biro, in zauna can kusurwa ni kaɗai in rubuta abin da Mushe zai ba ni. Na rubuta, Mushe ya duba, maganar kora ta mutu. Sannan dirakta ya jawo babban littafi ya ce, "Baba, kai mi kake gare ta? Za mu rubuta."

Kaka ya dubi layukan da ya ja a kabad, ya dube ni, ya shafa usur ɗinsa.

Ya ce, "Rubuta: in ta lalace, ni za a nema."

Da muka dawo gida bai ko cire kakin ba. Ya lashi babban yatsa, ya goge sunana daga gefen ƙofa, ya rubuta shi a layi na uku, ƙasan Hajo. Inna ta zo ta duba, ta dafa kafaɗata.

"Barka da zuwa, ƴar'uwa. Mu ne ƙasan randa."

Kaka ya ce, "Kada ki yi girman kai, Shiru. Akuya ta riga ki."

Ranar na kwance ƙunshin kayana, na jera su a kwando.

Bana bayan girbi ya kwanta. Ciwon bai daɗe ba. A asibiti ya hana malamar jinya sakat, wai ita ba shi magani layin farko ne a kanta, shi kuwa haɗiyewa bai yi wa kowa alkawari ba. Sai da Inna ta zare masa ido ya haɗiye. Ranar ƙarshe da hantsi ya kira Kawu Idi kusa, ina tsaye da kofin ruwa. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Idi, wankana layin hwari ne a kanka. Kada ka bar wa kowa."

Kawu ya ce to, ya kau da kai. Kaka ya ga idonsa.

Ya ce, "Kuka kuwa ba shi cikin kowane layi. Wanda ya so ya yi."

Muka yi dariya, mu uku, Inna na share fuska da gefen mayafi. Bayan azahar ya cika.

Allah ya jiƙan Kaka Arzika. Allah ya yafe masa taurin kansa, ya karɓi sharar da ya yi a ƙofar ɗakinsa, da tafiyar da ya yi zuwa Tsarnawa yana mita, da tsayuwar da ya yi wa ɗiyar da ba shi ya haifa ba. Allah ya sauƙaƙa masa tambaya, ya haskaka kabarinsa. Amin.

Yanzu za a rufe gidan. Kawu Idi zai tafi da Inna Malbaza inda yake aiki, in ta gama takaba. Baba ya aiko in shirya, in bi motar kasuwa in koma ƙauye, tunda ba mai masauki. Shekara ɗaya ta rage mini in yi jarrabawar ƙarshen kwaleji.

Jiya bayan la'asar na tarar da Kawu a tsakar gida yana zuba tsofaffin kwanukan Inna a buhu. Na tsaya bayansa har ya ɗaure buhu uku. Ya juyo ya gan ni.

"Zali, lahiya? Kina son wani abu?"

Na riƙe igiyar shanya da hannu biyu don kada in gudu.

Na ce, "Kawu, ka tahi da ni Malbaza tare da Inna. Akwai kwaleji can, na bincika. Tabarma guda ta ishe ni, kusa da ita. Don Allah, Kawu, ka ce wa Baba ya bar ni in gama."